Mai Gyaran Rediyo

Rumfata tana bayan Kasuwar Rimi,
tsakanin mai facin taya da mai yankan farce.
Shekara talatin da ɗaya ina buɗe cikin rediyo,
ban taɓa tsintar ƙarya a ciki ba,
sai tsatsa, da ƙwan kyankyaso, da waya da ta tsinke.
Ƙaryar daga waje take shigowa.

Tara na dare in ta buga
sai sojojin baka su hau iska.
Ɗanliti, da muka yi firamare tare a Yakasai,
yau muryarsa ta fi ta ladan kaiwa nesa.
Bara ya rantse mutumin nan ɓarawo ne,
bana ya rantse waliyyi ne,
rantsuwar dai ita ce, hula ce ta sake.
Na tare shi a Ƙofar Mata kan sabon babur,
na ce, Ɗanliti, wacce zan riƙe a ciki?
Ya ce, ka san kuɗin minti goma a gidan rediyo?
Wanda ya sayi iska shi ke da numfashi.
Ya ba babur wuta, ya bar ni da hayaƙi.

Jazuli ɗan ƙanwata ba ruwansa da eriya,
duniyarsa a tafin hannu take.
Kawu, ka ji muryar da ta fita?
Rabin gari sun ce shi ne,
rabi sun ce na'ura ce ta kwaikwaye shi.
Kwana uku ana dambe a kanta,
ran na huɗu wata ta fito, aka manta.

Ni da Sagiru ciki ɗaya muka fito.
A teburin mai shayi muka raba gari,
shi da nasa gwani, ni da nawa,
har kofi ya kife.
Bai zo sunan jikata ba,
ni ma da ya kwanta asibiti
saƙo na aika, ban taka ba.
Watan jiya sai ga hoto:
gwanina da gwaninsa a ɗaurin aure,
kafaɗa da kafaɗa, suna dariya
irin ta waɗanda suka ƙoshi.
Na daɗe ina kallon haƙoransu.

Kwatar layinmu tun damina biyu take a toshe,
ba ta da jam'iyya, ba wanda ya kira ta a waya.
Mai garuwa ya ƙara hamsin a jarka,
shi ma ba a ba shi fili ba.

Iya Tabawa ta zo da tata a ƙunshe cikin ɗankwali.
Ta ce, gyara min ta riƙa kama sanarwar rasuwa kawai,
nan ne kaɗai ba sa ƙara gishiri.
Ban iya gaya mata ba
cewa shekaranjiya sun binne wani a waya,
har da hoton makara,
da magariba ya fito yana ƙaryata mutuwarsa.

Kada in wanke kaina da yawa.
Ni ma in an zagi wanda na tsana
kunne nakan ƙara, har in yi tafi ni kaɗai.
Sau ɗaya na tura abin da ban tantance ba,
ya yi ƙafa, ban iya kamo shi ba.

Yanzu in na gama gyara zan gwada,
nakan tsayar da allura tsakanin tasha da tasha,
inda ba kowa sai shuuu,
kamar ruwa na sauka kan kwano.
Can nake jin kaina.

Lambar Sagiru tana nan, ban goge ba.
Gobe Juma'a.
In na ga bayansa a sahu
zan matsa kusa, in ga abin da kafaɗa za ta ce.